Apli mai talla, na biya, Lite ko na Xender: wanne ya dace da wayarka?

Duk mai riƙe da salula a Tahoua ya san wannan abu: ka buɗe apli don ka duba lokacin la'asar ko ka yanke wani ɗan bidiyo, kafin ka kai ga abin da ya kawo ka sai talla ta rufe ekiran gaba ɗaya, alamar rufewar kuma ƴar mitsitsiya kamar ƙwayar gero, ka kai yatsa ka kuskure, ta wuce da kai Play Store wajen wani wasan da ba ka nema ba. Daga nan shawara ke rabuwa. Wani ya ce maka biya kawai ka huta, wani ya ce sauke Lite, wato ƙaramin samfurin aplin mara nauyi, yaron shagon caji kuma ya ce kawo in tura maka wanda aka fasa, babu talla babu biya. Hanyoyin a gaskiya biyar ne, kuma ba wadda ta dace da kowa, don wayar da ke hannunka ita ke yanke rabin hukuncin tun kafin ka yi magana.

Abin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin saukewa kaɗai nake nufi ba, har da megan da apli ke ci a forfe ɗinka da cajin da yake zuƙewa, wanda a watan Afrilu da Mayu in wuta ta fara wasan ɓuya shi ma kuɗi ne. Na biyu ko wayarka za ta ɗauke shi, kuma in ta ɗauka yau har yaushe zai ci gaba da aiki. Na uku sauƙin samu da sauƙin amfani. Na huɗu haɗari, wato abin da zai iya samun lambarka, hotunanka da kuɗin da ke cikin wayar.

Kafin komai shiga Paramètres, ka sauka À propos du téléphone, ka duba abu uku: lambar Android, RAM (ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita), da wurin ajiya. RAM ɗin ka karanta shi da kyau, don kwalayen yanzu suna rubuta 4+4 ko 3+3 da manyan baƙaƙe, alhali rabin na biyu aro ne aka yi daga wurin ajiya, bai kai na gaske sauri ba ko kusa. In wayarka 2 take da shi na ainihi to ka lissafa kanka cikin masu 2, kar kwali ya ruɗe ka.

1. Na kyauta mai talla, daga Play Store

Wannan shi ne mafi yawa. Ƙarƙashin sunan apli za ka ga an rubuta Contient des annonces da ƙananan baƙaƙe, mutane da yawa ba sa ma lura. Yadda abin ke tafiya shi ne mai apli yana saka wani ɗan sashe na kamfanin talla, galibi AdMob na Google, a cikin manhajarsa, duk lokacin da ka buɗe sai sashen ya kira intanet ya jawo talla, a biya mai apli gwargwadon yawan idon da ya gani. Tallan da aka nuna wa ɗan Amurka ko Faransa ta fi wadda aka nuna mana tsada nesa ba kusa ba, amma nauyinsu a mega iri ɗaya ne, kuma kai ke biyan megan.

Tallan ma iri-iri ce. Akwai ƴar siririya da ke zama a ƙasan ekiran, wannan ba ta da wani ci. Akwai mai rufe fuska duka. Sai ta bidiyo, mai cewa kalla daƙiƙa 30 a ba ka rai a wasa ko a buɗe maka wani fasali, ita ce mai cin forfe da gaske. A 2015 wasu masu bincike na jami'o'in Amurka da Kanada sun gwada apli 21 da talla da kuma babu talla, suka samu cewa tallan na ƙara cin intanet da kusan kashi 79 cikin 100, batir kuma kusan kashi 16. Wancan lokacin ma tallan bidiyo ba ta yi yawan yau ba.

Wajen daidaituwa da waya nan ne ya fi kowa gaskiya, don Play Store na duba wayarka kafin ya ba ka. In ka ga Votre appareil n'est pas compatible avec cette version ba rezo ba ne, ba kuma mai shago ne ya cuce ka ba, mai apli ne ya ɗaga mafi ƙarancin Android da yake karɓa. WhatsApp misali tun Oktoba 2023 ba ya aiki ƙasa da Android 5.0. Mizajur na zuwa da kansa, amma kowane mizajur apli na ƙara ƙiba, shi ya sa wayar da ke gudu lafiya bara bana take tsayawa tana tunani.

Haɗarinsa matsakaici ne, ba sifili ba. A 2019 Kaspersky, kamfanin tsaron na'urori, ta gano mugun sashe cikin CamScanner, apli mai sauke sama da miliyan 100, kuma ta hanyar sashen tallan ne abin ya shigo, Google ya cire shi na ɗan lokaci har aka gyara. A 2020 kuma an yi ta cece-kuce kan Muslim Pro bayan rahoton cewa bayanan wurin da masu amfani suke na isa hannun wani kamfanin dillancin bayanai, daga baya suka ce sun yanke hulɗa da shi. Ni abin da nake dubawa shi ne izinin da apli ke nema. Tocila mai neman lambobin wayarka da SMS, me za ta yi da su?

Wata ƴar dabara: wasan da ba ya buƙatar intanet, kashe data kafin ka buɗe, yawancinsu tallan ba za ta zo ba.

2. Na biya

Shi ma kashi uku ne: biya sau ɗaya apli ya zama naka, biya sau ɗaya a cire talla, ko abonma na wata-wata. Biyun farko ba ni da matsala da su, in apli ne da kake aiki da shi kullum to Yuro 2 ko 3 sau ɗaya bai kai megan da tallan za ta ci maka a shekara ba. Sefa ɗinmu a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, don haka Yuro 3 bai cika jaka 2 ba. Abonma ne ke buƙatar alƙalami. Yuro 4.99 a wata kamar ba komai, amma sefa 3,270 ne da ɗoriya, a shekara ka doshi jaka 40.

Matsalar gaske a nan ita ce hanyar biya. Yawancinmu kuɗinmu a Nita, Amana, Airtel Money ko Moov Money yake yawo, Play Store kuma katin banki yake so, irin Visa ko Mastercard, sai dai ka yanki katin da ake lodawa a banki ko ka roƙi ɗan'uwa da ke waje. Katin kyauta na Google Play da wani zai aiko daga Faransa ba zai shiga asusun da aka yi wa rajista a Nijar ba, kowane kati da ƙasarsa.

Sai tarkon gwaji kyauta. Apli ya ce kwana 3 ko 7 babu biya amma sa katinka, ka sa, ka gwada, ka goge shi ka manta. Goge apli ba ya tsayar da abonma, sai ka shiga Play Store wajen Paiements et abonnements ka soke da hannunka, in ba haka ba za a ci gaba da cira kowane wata.

Ɗorewa kuwa ya danganta da Gmail ɗinka, don abin da ka saya a jikin asusun yake ba a jikin waya ba. Nan ne mutanenmu ke asara. Je ka tsaya a teburin masu sayar da waya a babbar kasuwa ka gani: dattijo ya sayi sabuwar Tecno, yaron ya buɗe masa Gmail cikin minti biyu da sunan da ya ga dama, ya rubuta kod ɗin a bayan kwali ko ma bai rubuta ba, ya ce Alhaji an gama. Ranar da wayar ta faɗa ruwa duk abin da aka saya da duk lambobin da aka ajiye sun tafi tare da kwalin da yara suka daɗe da yagawa. Kuma abin da ka saya a Android ba ya bin ka zuwa iPhone.

3. Lite, Go da buɗewa ta burauza

Ga mai ƙaramar waya wannan ce hanyar da na fi so. Facebook Lite ya fito a 2015 don ƙasashe irin namu masu rezo mai rauni, nauyinsa ƴan mega kaɗan, kuma yana buɗewa ko da ka bar gari ka kama hanyar Keita ko Abalak inda koneksiyon ke komawa E. Akwai Instagram Lite, TikTok Lite, Google Go, Maps Go. Wayoyin itel da ƙananan Tecno da yawa suna zuwa da Android Go, wanda Google ya fara da Android 8.1 don wayoyi masu RAM 1 ko ƙasa, daga Android 13 Go kuma sai da 2.

Amma a fahimta, Lite ba ya nufin babu talla. Tallan Facebook na nan cikin Facebook Lite, abin da ya ragu shi ne nauyi da cin RAM. TikTok Lite kuwa bidiyo bidiyo ne, forfe zai tafi ko da wane suna aka kira shi. Wasu fasalolin ma babu su, ko su zo a makare.

Inda yake da rauni shi ne ɗorewa, don kamfanonin na kashe su in sun ga dama. YouTube Go, wanda mutane suka so saboda yana nuna maka mega nawa bidiyo zai ci kafin ka taɓa, an rufe shi a 2022. Messenger Lite ya bi shi a 2023. Mafitar da mutane ke mantawa da ita ita ce burauza: buɗe shafin a Chrome, ka zaɓi Ajouter à l'écran d'accueil, alamarsa ta zauna a fuskar waya kamar apli, ba ya cin wurin ajiya sosai, ba ya neman mizajur. Opera Mini kuma yana matse shafi kafin ya iso maka, duk da shi ma ya cika talla da sanarwa yanzu.

4. Na Xender da wanda aka fasa

Nan sai an raba biyu, don mutane na haɗa su. Akwai apli na asali da abokinka ya tura maka ta Xender, aplin tura abu daga waya zuwa waya ba intanet, don ka tsira da meganka, akwai kuma wanda wani da ba ka sani ba ya buɗe cikinsa ya canja, irin GBWhatsApp, WhatsApp Plus, FMWhatsApp, da duk masu suna premium kyauta.

Na farkon ba laifi ba ne in ka yarda da inda ya fito, matsalarsa daidaituwa ce. Tun Agusta 2021 Google ya wajabta wa sababbin apli wani tsari da ke sa Play Store ya yanka wa kowace waya nata kason, gwargwadon injinta da girman ekiran da harshe. Don haka abin da ke kan Samsung ɗin abokinka ba lalle ya zauna kan itel ɗinka ba, sai ka ga Application non installée ko ya buɗe ya rufe nan take. Wasu ƙananan wayoyin har yanzu 32-bit suke, apli na 64-bit ba zai shiga ba. Ta ɗaya gefen kuma Android 14 na ƙin karɓar tsofaffin apli da aka gina don ƙasa da Android 6, wato tsohon wasan nan da ke yawo a katin memuwa tun shekaru ba zai hau sabuwar waya ba.

Na biyun shi ne abin tsoro. Na san dalilin da ya sa ake son GB: ɓoye cewa kana kan layi, karanta saƙon da aka goge, sauke status, canja launi. Amma WhatsApp na toshe lambobin da ke amfani da su, wani lokaci na ƴan awoyi, wani lokaci gaba ɗaya, kuma hirarrakinka ba sa hawa Google Drive, ranar komawa na asali sai ka ga babu komai. Ga ɗan kasuwar da duk masu sayen albasarsa na Abidjan da Kwatano ke da lambar nan guda, rasa ta ya fi rasa wayar ciwo. Sannan a 2021 Kaspersky ta samu ƙwayar Triada cikin wani FMWhatsApp, a 2022 kuma cikin YoWhatsApp. Aikin wannan ƙwayar ya haɗa da karanta SMS da yi wa mutum rajistar abubuwan biya ba da saninsa ba. Ka tuna kod ɗin tabbatarwa na asusun kuɗinka ta SMS yake zuwa. In kiredi na ɓacewa ba ka kira kowa ba, kafin ka zagi kamfanin layi duba abin da ka ɗora wa wayar tukuna.

Mizajur ma babu na kai tsaye, duk bayan ƴan watanni sai ya ce ya tsufa, ka koma wani shafi mai maɓallin saukewa biyar, huɗu na ƙarya.

5. Na kyauta marar talla

Mutane da yawa ba su san akwai su ba, don ba mai tallata su. Manhajoji ne da ƙungiyoyi ko masu sa kai ke ginawa. VLC na ƙungiyar VideoLAN ta Faransa na buɗe kusan kowane irin bidiyo da sauti, ba talla ko ɗaya. Quran for Android kyauta ne ba talla, ka sauke shafuka da ƙira'a sau ɗaya ka ci gaba ba intanet. Organic Maps na ba ka taswirar Nijar duka a cikin waya. Signal na hira da kira. Firefox na Android na karɓar uBlock Origin mai tare talla a shafuka. Duk waɗannan suna Play Store, akwai kuma shago na musamman mai suna F-Droid ga mai son zurfafawa.

Rauninsu a fili yake: ba su da kwalliya sosai, ba kowane aiki ke da irinsu ba, kuma Signal ba shi da amfani in duk danginka na WhatsApp.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa da daidaituwa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Mai talla | Saukewa kyauta, yana cin mega da caji | Mizajur na zuwa, amma yana ƙara nauyi | Mafi sauƙi | Matsakaici, duba izini |
| Na biya | Sau ɗaya ko wata-wata | Yana bin Gmail ɗinka | Sai da katin banki | Kaɗan, sai tarkon abonma |
| Lite da burauza | Kyauta, mega kaɗan | Ya dace da ƙaramar waya, ana iya rufe shi | Sauƙi | Kaɗan |
| Xender, na asali | Ba mega | Kan ƙi zama | Sauƙi in ya yi | Ya danganta da mai turowa |
| Wanda aka fasa | Kyauta a ido | Yana mutuwa duk ƴan watanni | Wahalar sabuntawa | Babba |
| Marar talla | Kyauta | Yana daɗewa, yawanci mara nauyi | Sai ka san sunansa | Kaɗan |

Wayoyin da ake aikowa daga waje

Garinmu garin ƴan bida ne, waya na zuwa daga Libiya, Abidjan, Dubai, don haka wannan ya shafe mu. Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na Mayu 2019, irin Y7p, P40 lite da Nova 7i, ba su da Play Store, AppGallery suke da shi. Waya ce mai kyau, kyamara mai kyau, amma duk apli da ya dogara da hidimomin Google zai ba ka wahala, kuma dole ta tura ka hanyar APK, wato fayil ɗin apli da ake ɗorawa daga wajen Play Store. IPhone kuwa ba ta san APK ba sam, kuma 5s, 6 da 6 Plus sun tsaya a iOS 12, WhatsApp ya bar su a 2025 da ya koma neman iOS 15.1. In za a sayo maka okaziyon ka ce a duba wannan kafin a biya, tare da tabbatar da cewa mai ita na farko ya cire iCloud ɗinsa.

To wa zai ɗauki wanne

In wayarka RAM 1 ko 2 ce, ajiya 16 ko 32, kuma forfe na kwana kake saye: Lite da burauza, VLC don bidiyo, ka hana Play Store yin mizajur sai a wifi. Manyan apli masu talla ka bar su, ba don kai aka gina su ba.

In kai ɗan kasuwa ne, kuɗi na shiga da fita ta wayar: Play Store kaɗai, WhatsApp Business na asali da tabbatarwa mai mataki biyu a kunne, ko guda ɗaya da aka fasa kar ya kwana a wayar. In yaran shago na son GB su sa a tasu.

In ɗalibi ne kai a Jami'ar Djibo Hamani ko lise, apli mai talla da ake sauke darasi a karanta ba intanet ya wadatar, ka sauke a wifi ka kashe data lokacin karatu.

In kana cin abinci da apli ɗin, kamar mai haɗa bidiyon biki ko mai zana katin gayyata, ka biya, amma ka fara lissafin shekara ba na wata ba, ka nemi na biya sau ɗaya in akwai. Alamar kamfani da na kyauta ke bari a kan bidiyon amarya ta fi jaka 3 tsada a idon masu biki.

In wayar Inna ko Baba ce kake shirya musu, marar talla ya fi, don su ne ke taɓa duk abin da ya fito yana cewa wayarki ta kamu da cuta. Sa musu Alƙur'ani marar talla da WhatsApp na asali, ka goge duk wani apli mai cewa yana wanke waya ko sanyaya batir, ka rufe izinin ɗora apli daga waje, Gmail ɗin da kod ɗinsa kuma ka rubuta ka ajiye a wurinka.